Na'urar da Ta San Iyaka

Gyaran tsofaffin rediyo ne abin ɗebe kewata idan na gama rubuta wasiƙun Sarkin Zango. Matasanmu kan tambaye ni wace na'urar ba da wuta ta dace da teburin aiki. Nakan ce su nemi wadda ake murɗawa daga sifili zuwa bolt 30, mai maɓallin ƙayyade yawan wutar da take saki. Idan wayoyi biyu suka haɗu bisa kuskure, wannan maɓalli ne ke hana rediyon maƙwabci ƙonewa. Mai taransifoma tana da nauyi, amma ba ta cusa wa rediyo hayaniya. Kayan wani amana ne a hannunka, haka aka koya mana tun muna makarantar allo. Allah Ya sa mu dace.