Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Fayafayan Garmaho da Garin Kafanchan

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ko shakka babu wannan magana gaskiya ce, sai dai ba ta gaya mana abin da ke samun tsohon kiɗan ba bayan an juya masa baya. Wani yakan mutu tare da makaɗansa, wani kuwa yakan sami masu ƙaunarsa su yi masa sabuwar riga, ya sake fitowa dandali ya ci zamani na biyu. A kan irin wannan kiɗa na biyu nake so in yi wa mai karatu tsokaci, wato kiɗan nan da ya bunƙasa a shekarun 1970, wanda Turawa ke kira fok-rok, ma'ana auren da aka ɗaura tsakanin waƙoƙin kaka da kakanni da kayan kiɗan lantarki. Ni dai masoyinsa ne tun ina ɗan makaranta, kuma a garinmu Kafanchan na fara jin sa.

Wanda bai san Kafanchan ta wancan zamani ba zai yi mamakin abin da ya kai waƙar ƙauyukan Ingila can. Gari ne da layin dogo ya raya. Tun daga 1927 ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu da Makurɗi yake rabuwa biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan ya hau dutse zuwa Jos. Saboda haka duk abin da ke yawo a Nijeriya sai ya yada zango a tasharmu: gawayin Inugu, kuzar Jos, citta da doya, jaridu, da kuma sababbin waƙoƙi. A gidajen ma'aikatan reluwe kuwa, Bahaushe da Bajju da Fantswam da Atyap da Bayarabe da Ibon da suka dawo bayan yaƙin basasa, duk katanga ɗaya ta raba su. Hausa ita ce harshen tsakar gida da kasuwa da tasha. Abin da maƙwabcinka ya kunna da dare, ko kana so ko ba ka so, kai ma ka ji shi.

A cikin 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin nan na Udoji, kowa ya sayi abin da ya daɗe yana mafarki. Wasu babur, wasu firji, wasu kuma suka ƙara aure. Kawuna, wanda yake aikin gyaran injin jirgi, shi garmaho ya saya, irin mai kama da akwatin lefe, mai rediyo a jikinsa. Bayan shekara uku aka tura shi kwas na 'yan watanni a Ingila. Da ya dawo, maimakon agogo da yaduddukan da dangi suka sa rai, sai ga shi da kwali cike da fayafayai. Iyayenmu mata sun daɗe ba su yafe masa ba. Mu yara kuwa, wannan kwali shi ya zama makarantarmu ta dare.

Ya kamata matasan yau su san yadda ake sauraron faifai. Baƙin faranti ne mai faɗin inci 12, yana juyi 33 da sulusi a minti ɗaya, kuma kowace fuska tasa tana ɗaukar kiɗa na kimanin minti 20. Sai an zare shi daga rigarsa a hankali, an goge ƙura, sannan a ɗora masa allura. Daga nan babu tsallake waƙa, domin kawu ba ya yarda kowa ya taɓa hannun allurar. Yakan ce, "Ɗana, wanda ya tsara faifai ya san dalilin da ya sa wannan waƙa ta riga waccan. In dattijo yana ba ka labari, kana ce masa ya tsallake zuwa ƙarshe?" Da haka muka koyi cewa faifai guda kamar littafi yake, yana da mabuɗi da tsakiya da marufi. Har yau ina ganin haƙurin karatun dogon rubutu da na samu, a gaban garmahon nan na fara koyon sa.

Faifan da ya fi kwanta mini a rai shi ne Liege & Lief na ƙungiyar Fairport Convention. A watan Disamba na 1969 ya fito, amma shi ne ya share fagen duk abin da aka yi a shekaru goman da suka biyo baya. Yawancin waƙoƙin cikinsa ba 'yan ƙungiyar suka ƙaga ba. Tsofaffin waƙoƙin baka ne na Ingila da Sikotlan, na soyayya da cin amana da tserewa daga aikin soja da gamo da aljanu. Ɗaya daga cikinsu, Ashley Hutchings, shi ya riƙa zuwa ɗakin karatun da ke cikin gidan da ke ɗauke da sunan Cecil Sharp a Landan yana tono su. Shi kuwa Cecil Sharp malamin kiɗa ne da ya fara bin ƙauyuka tun 1903, yana rubuta waƙoƙi daga bakin tsofaffi kafin ƙasa ta rufe musu ido. Irin abin da ya taskace a takarda shi samarin nan suka ɗauko, suka haɗa shi da jitar lantarki ta Richard Thompson, da gogen Dave Swarbrick, da ganguna, da muryar Sandy Denny. Gogen nasu in ya ɗau zafi, wallahi sai ka ce a wani gidan biki na ƙasar Hausa kake.

Akwai wata tsohuwa Bajju a maƙwabtanmu, kakar wani abokina, wadda ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta ji. Wata rana da daddare tana zaune a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, muryar Sandy Denny na fitowa ta taga, sai ta kira kawu ta ce, "Ɗana, wa ya mutu wa yarinyar nan?" Kawu ya ce, "Mama, ai waƙa ce kawai." Ta girgiza kai ta ce, "A'a. Mai irin wannan murya ta binne wani." Ashe kuwa tsohuwa ta yi gaskiya. A watan Mayu na 1969, watanni kaɗan kafin a ɗauki faifan, motar ƙungiyar ta yi haɗari a hanyar komawa Landan, makaɗin gangarsu Martin Lamble ya rasu yana da shekara 19. Cikin wannan juyayi suka koma ga waƙoƙin kakanninsu. Abin da harshe ya ɓoye wa tsohuwar nan, murya ta bayyana mata.

Sai kuma ƙungiyar Jethro Tull, wadda shugabanta Ian Anderson ya yi suna da busa sarewa yana tsaye a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Sunan ƙungiyar ma na wani manomin Ingila ne wanda ya ƙera injin shuka iri a 1701. Su ne suka nuna mana abin da ake nufi da zurfafa wannan kiɗa. Faifansu na 1972, Thick as a Brick, waƙa ɗaya ce tak da ta cinye fuska biyu, fiye da minti 40, tana sauya taki da amo ba tare da ta yanke ba. An ce wannan ya ba mutane mamaki a Turai. Mu kam bai ba mu ba, domin kunnen da ya saba da Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata ya riga ya san cewa waƙar kirki ba ta gaggawa. Daga baya suka fitar da Songs from the Wood a 1977, da Heavy Horses a 1978. Wannan na ƙarshe yabo ne da makoki ga manyan dawakin huɗa waɗanda tarakta ta raba da aikinsu. Kawu ya fi kowa son sa, kuma mun san dalili. A idonsa injin gawayi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa hidima, ya ba injin dizal wuri, aka jere tsofaffin a gefen layi suna tsatsa. In an sa faifan nan ba ya magana har ya ƙare.

Kada mai karatu ya zaci Turawa kaɗai suka yi wannan aure na tsoho da sabo. A cikin kwalin akwai fayafayai biyu na Osibisa, ƙungiyar da Teddy Osei na Gana ya kafa a Landan a 1969 tare da 'yan Gana da Nijeriya da tsibiran Karebiya. Duka biyun a 1971 suka fito, da zanen giwaye masu fukafukai a bangonsu, kuma cike suke da gangunan Afirka ta Yamma. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne Bongos Ikwue, mutumin Otukpo a ƙasar Idoma, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Da jita da murya mai sanyi yake waƙa, wani lokaci da Turanci, wani lokaci da harshen Idoma, kuma ko da Turancin yake yi, ƙanshin ƙauyen Binuwai bai taɓa barin waƙarsa ba. Waƙarsa Still Searching ta game ƙasa, haka nan wadda ya yi wa shirin talabijin ɗin nan na manoma, Cock Crow at Dawn, wanda aka fara nunawa a 1980. Jirgin da ke zuwa mana daga kudu ta Otukpo yake biyowa, don haka muka ɗauke shi ɗan gida.

Na sha jin masu cewa me ya haɗa ɗalibin Hausa da kiɗan Nasara, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Amsata ita ce, waɗannan fayafayai ba su raba ni da kiɗan gida ba, su ne ma suka mayar da ni gare shi. Sai da na ga yadda samarin Ingila suka ɗaukaka waƙar tsohuwar ƙauye, sannan na zauna na saurari kuntigin Ɗanmaraya Jos da kunnen basira, na ga abin da mutum ɗaya zai iya yi da tsirkiya ɗaya da gwangwani. Sannan ne kuma na fara sauraron ƙahonin maharba a bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, a matsayin kiɗa mai tsari da ƙa'ida. Abin da ya kamata mu ara daga wurinsu ba waƙoƙinsu ba ne, himmarsu ce.

A nan ne kuwa gizo ke saƙa. Su sun sami abin da za su tono domin wani ya riga ya taskace musu. Mu fa? Kudancin Kaduna ƙasa ce mai harsuna da yawa, kowane da waƙoƙinsa na gayya da girbi da farauta da aure da makoki. Waƙar niƙa, wadda iyayenmu mata na kowace ƙabila suke amayar da damuwarsu a cikinta da asuba, injin niƙa ya yi mata abin da tarakta ta yi wa dawakin huɗa. Tsohuwar nan Bajju tana da waƙoƙi da ba su ƙidayuwa, kuma da garmaho da rikoda duk suna gidanmu, amma babu ko ɗaya da ta rage. Muryar Sandy Denny, wadda ta rasu a 1978, tana nan ana jin ta a duniya. Muryar maƙwabciyarmu kuwa ta bi ta kabari.

Bugu da ƙari, ba waƙoƙi kaɗai muka yi hasara ba. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar. Na Zangon Kataf ya biyo baya a 1992, wani kuma a 2011 bayan zaɓe. Kowane ɓangare ya yi kuka, kowane ya binne nasa. Harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, ma'aikata suka watse, unguwanni suka fara rabuwa bisa addini da ƙabila. Samarin da muke cika ɗakin kawu, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, muna gardama a kan wane faifai za a sa, yau in mun haɗu sai a wurin ta'aziyya. Ba ina cewa kiɗa zai iya kashe wutar da siyasa da rashin adalci suka hura ba. Abin da na sani shi ne, mutumin da ka taɓa jin kakarsa tana waƙar raino, da wuya wani ya iya gamsar da kai cewa dodo ne.

Saboda haka kirana ga ɗaliban wannan sashe shi ne, kowa ya zama Cecil Sharp na garinsu. Shi da fensir da takarda ya yi nasa aikin, ku kuwa kowa na da waya a aljihu wadda ta fi duk na'urorin da aka ɗauki waɗancan fayafayai sauƙin sarrafawa. In an yi hutu, ku durƙusa gaban tsofaffinku, ku ce, "Kaka, yi mini waƙar da kike yi lokacin niƙa." Ku ɗauka, ku rubuta, ku sa sunan gari da shekara, ku kawo sashe a adana. Kada ku tsaya ga Hausa kaɗai. Ku ɗauki ta Tyap da Jju da Hyam, ku fassara mana, domin Hausa ta daɗe tana zama gada tsakanin waɗannan harsuna. Masu hannun kiɗa a cikinku kuma su gwada haɗa gurmi da jita, ko ƙaho da fiyano, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daga ƙarshe, kwalin kawu yana hannuna, fayafayai goma sha ɗaya suka tsira daga zafi da ƙaura da gara. Duk waƙoƙin cikinsu ana samun su yau a intanet cikin ƙiftawar ido, don haka ba su nake ji wa tsoro ba. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne waɗanda ba su da faifai sai ƙirjin wata tsohuwa a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ko cikin garin Jama'a. Allah ya ba mu ikon riskar su kafin lokaci ya ƙure, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.