Sati Biyu Ya Ishi Doki Hutu? (Zare)

1/ Daren jiya har ƙarfe biyu muna cacar baki a zauren WhatsApp ɗinmu na masu son dawakai. Har wani ya yi fushi ya fice, sai da aka bi shi aka lallaso shi. Kan me? Kan tseren dawakin Amurka da babu ɗayanmu da ya taɓa gani ido da ido 😂 Ku matso, zaren da ɗan tsawo.

2/ Kafin wani ya fara min wa'azi: ba caca nake ba, ko sisi ban taɓa sawa ba. A gidan da ake ɗaure doki na tashi, na iya yanka harawa tun kafin in iya ɗaure igiyar takalmi. Da na shigo jami'a babu barga, sai na koma kallon dawakin wasu a YouTube.

3/ Ga waɗanda ba su sani ba: Amurka na da manyan tsere uku da ake kira Triple Crown. Kentucky Derby, Asabar ɗin farko ta watan Mayu, kusan mita 2,000. Bayan sati biyu Preakness, kusan mita 1,900. Bayan sati uku kuma Belmont, mita 2,400. Duka cikin sati biyar.

4/ Kuma dawakai 'yan shekara uku kaɗai ke shiga. Ma'ana doki sau ɗaya tak yake samun damar nan a rayuwarsa. Babu zancen "sai baɗi". Dawakai 13 ne kawai suka taɓa lashe ukun. Bayan Affirmed a 1978, sai da aka jira shekara 37 kafin American Pharoah ya yi a 2015. Na ƙarshe Justify, 2018.

5/ Shiga Derby ma ba a banza ake yi ba. Gurbi 20 ne. Tun daga Derby ta 2013 maki ake tarawa a tseren share fage, kamar dai yadda muke tara makin gwaji kafin jarrabawa. Manyan cikinsu, irin su Florida Derby da Santa Anita Derby, maki 100 suke ba wanda ya zo na ɗaya.

6/ To daga nan musun ya samo asali. A 2020 filin Fair Grounds na jihar Luwiziyana ya ƙara tsawon tserensa na share fage. Louisiana Derby ta tashi daga kusan mita 1,800 zuwa 1,900. Risen Star daga 1,700 zuwa 1,800. Mita ɗari kacal, amma har yau masoya ba su gama rigima a kai ba.

7/ Ɓangare ɗaya suka ce daidai ne. Dokin da zai yi mita 2,000 a Kentaki gara a gwada numfashinsa tun da wuri, a san mai juriya da mai zafin farko. Ɗaya ɓangaren suka ce a'a, ana cinye ƙarfin ɗan doki tun a watan Maris, ya iso babbar rana a gajiye.

8/ Abin dariyar, doki ɗaya suka kafa hujja da shi. Epicenter ya ci Louisiana Derby a 2022, ya zo na biyu a Kentaki. Waɗannan suka ce "kun gani, tsawon ya gina shi." Waɗancan suka ce "kun gani, a ƙarshen ya sare, Rich Strike ya wuce shi." Kowa da fassarar mafarkinsa.

9/ Daga nan sai wani ya jefo babbar maganar: a ƙara tazara tsakanin Derby da Preakness, daga sati biyu zuwa huɗu. Nan fa wuri ya kama da wuta. Dalili kuwa, masu dawakai sun fara gudun Preakness. Rich Strike bai je ba a 2022. Sovereignty ma bai je ba a 2025.

10/ Na Sovereignty ya fi min ciwo. Derby tana tashi wajen sha biyun dare agogonmu. Na tanadi data, na yi cajin waya, na kalle shi a cikin laka yana wuce Journalism. Na ce shi kenan, bana za mu ga tarihi. Kwana kaɗan sai ga sanarwa: ba zai je Preakness ba, Belmont zai jira.

11/ Wallahi ranar na zazzagi mai horar da shi, Bill Mott, a raina. Na rubuta a zauren cewa tsoro ne kawai. Na ce wahalar ita ce darajar kambun, in aka sassauta to a canja masa suna. Secretariat a 1973 cikin sati biyar ɗin nan ya yi, ya kuma ci Belmont da tazarar tsawon doki 31.

12/ Har jiya a kan wannan ra'ayin nake. Ina tsakiyar rubuta "doki na gaske ba ya neman hutu" sai yatsana ya tsaya. Na taɓa faɗin maganar nan, kusan kalma da kalma, ina ɗan shekara 14. Kuma na san abin da ya biyo baya.

13/ Baffana yana da wani akawal, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi. Ni ke kai shi kilisa da yamma, ni ke jiƙa masa dusa da kanwa. Wata shekara bayan sallah aka yi sukuwa a garinmu, ya zo na ɗaya. Ranar ban taka ƙasa ba don murna, har makwabta sai da suka gaji da ni.

14/ Sati bai cika ba aka aiko gayyata daga wani gari. Baffa ya shafa ƙafar dokin ta gaba, ya daɗe yana shafawa, ya ce akwai ɗumi, a bar shi ya huta. Abokansa suka yi ta zuga shi. Ni kuma na sa kuka: "Baffa, kar a ce mun ji tsoro. Ai doki na gaske ba ya neman hutu."

15/ Ya kalle ni ya ce, "Kai yaro, doki ba ya cewa na gaji. In ka sake masa linzami zai yi ta gudu har ya kashe kansa. Mai shi ne ke gajiya a madadinsa." Amma dai ya ɗaura sirdi. Har yau ban san ko zugar abokai ce ta karya shi ko hawayena ba.

16/ Dokin bai kai ƙarshen fili ba. Jijiyar ƙafar ta kumbura, aka dawo da shi a mota. Bai mutu ba, amma bai sake sukuwa ba. Shekarun da suka rage masa a turke ya yi su, yana ɗingishi. Baffa bai taɓa ce min "laifinka ne" ba. Da ma ya faɗa, da ya fi min sauƙi.

17/ Shi ya sa jiya na goge abin da na rubuta. Na tambayi kaina: wace al'ada ce ma nake karewa? Sir Barton, wanda ya fara lashe ukun a 1919, kwana huɗu ne tsakanin Derby ɗinsa da Preakness. A 1930 kuwa Preakness aka fara yi kafin Derby. Ita kanta Derby mita 2,400 ce har zuwa 1896 da aka rage ta.

18/ Ko kwanan nan ma an taɓa jadawalin. A 2020, saboda korona, Belmont aka fara yi a watan Yuni, Derby a Satumba, Preakness a Oktoba. A 2024 da 2025 an kai Belmont filin Saratoga saboda ana sake gina filinta, aka rage ta zuwa mita 2,000. Sama ba ta faɗo ba.

19/ Amma in yi adalci ga abokan musuna, suna da hujja mai ƙarfi: Journalism. Ya yi ukun duka a 2025. Na biyu a Derby, ya kutsa ta tsakanin dawakai ya ci Preakness, ya dawo na biyu a Belmont, bayan Sovereignty da ya huta sati biyar. Ga dokin da ya jure, suka ce. Gaskiya ne.

20/ Kuma hutu ba layar tsari ba ce. A 2023 dawakai 12 suka mutu a Churchill Downs cikin 'yan makonni, har aka mayar da sauran tseren wani fili. Ba za ka ɗora duk wannan a kan jadawalin tsere uku ba. Akwai yanayin ƙasar fili, akwai magunguna, akwai irin dawakin da ake haifa yanzu.

21/ Sauyin ma ba sauƙi gare shi ba. Fili uku ne a jiha uku, kowa da masu shi, kowa da lissafin kuɗinsa. In Preakness ta matsa, dole Belmont ta matsa, sai ta je ta takura manyan tseren Yuli da Agusta. Kowa na son a gyara, amma a fara daga gonar makwabci.

22/ To ga inda na tsaya. Tsawon fili kar a taɓa shi. A bar share fage da tsawonsa, a mayar da Belmont mita 2,400 ɗinta, don nan ake gane doki. Amma tazarar kwanaki a ƙara. Tsawo jarrabawa ce ga doki. Ƙarancin hutu kuwa haƙurin 'yan kallo kawai yake biya, kuma ba ƙafarmu ce a ƙasa ba.

23/ Kambun da zakaran Derby ke ƙin nema, me ya rage masa? Gara in jira wata guda in ga Sovereignty da Journalism sun haɗu sau uku, da in samu Preakness a kan lokaci babu zakara a ciki.

24/ Da asuba na kira Baffa na ba shi labarin duka. Bai san Kentaki ba, bai damu ya sani ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Shi mai dokin da ya ƙi zuwa, an zage shi?" Na ce sosai ma, har da ni. Ya yi dariya ya ce, "To Allah ya yi masa albarka." Sai ya tambaye ni karatu.

25/ Ku masu dawakai a gida, kwana nawa kuke ba doki tsakanin sukuwa da sukuwa? Ku faɗa min a ƙasa, da gaske nake son ji. Wanda ya fice daga zaure jiya kuma, ka yi haƙuri, kai ke da gaskiya a rabin maganar. Rabi kawai fa 😂 Na tafi lacca.