Kunamar Bindiga da Hankalin Maharbi

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya raɗa wa ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa a ƙarƙashin bindiga suna kunama. Lanƙwasarsa irin ta wutsiyar kunama ce, kuma kalma ɗaya, wato harbi, ita ke bayyana aikinsu su biyun. Mu da sana'armu ita ce nazarin adabi, ta ƙofar wannan suna muka shiga maganar, har ta kai mu ga zama da maharban Mararaban Rido, garin nan na Ƙaramar Hukumar Chikun da ke kusa da matatar mai ta Kaduna, a kan hanyar Kachia wadda ke zarcewa zuwa Kafanchan.

Abin da muka tarar shi ne, maharba sun rabu gida biyu dangane da kunama. Akwai masu son ta da laushi, yatsa na taɓa ta bindiga ta tashi. Hujjarsu ita ce, kunama mai tauri takan sa mutum ya matse hannu, bakin bindiga ya goce daga saiti, gada ko zabon daji ya tsere, ko kuwa ya tafi da rauni ya mutu a banza. Ɗaya ɓangaren kuwa, wanda dattawa suka fi yawa a ciki, sun fi son ta da ɗan nauyi, domin suna bi da ita cikin ƙaya da sarƙaƙiya, inda reshe kan iya yin aikin yatsa.

Wannan saɓani ya wuce dajin Rido, domin masu ƙera bindigogi a Turai da Amurka har awo suke yi wa kunama. Ta bindigar farauta takan buƙaci jan da ya kai nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Ta libarba, idan yatsa ne zai ɗana ta kuma ya sake ta a ja guda, takan kai kilo biyar, saboda ƙaramar bindiga a jikin mutum take kwana. Ko a gasar harbi ta duniya, ba a yarda kunamar ƙaramar bindigar iska ta gaza giram 500 ba. Ita kuwa Lee-Enfield, wadda sojojin mulkin mallaka suka riƙe a ƙasar nan, kunamarta hawa biyu ce: da farko yatsa ya ja saƙwaf, sannan ya ci karo da turjiya, sai an ƙara matsawa harsashi ya fita.

Bindigar gargajiya, wadda ake wa laƙabi da harbi-ka-ruga, ba ta san ma'auni ba sai hannun maƙerin da ya yi ta. A cikinta akwai ɗan haƙori da ke riƙe da abin bugun, kuma kunama ce ke zame shi. Idan haƙorin ya cinye saboda tsufa, ko mai ita ya sa an goge shi don neman laushi, bindigar na iya tashi da kanta in ta faɗi ko ta bugi dutse. Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga irin wannan ba: a shekarar 2014 kamfanin Remington na Amurka ya nemi a mayar masa da wasu bindigoginsa samfurin 700, domin kunamarsu na iya saki ba tare da an ja ta ba.

Mun taɓa tambayar wani dattijon maharbi, muka ce, "Baba, wace kunama ce ta fi?" Sai ya ce, "Malam, wadda ba ta yi maka ƙarya." Nufinsa, wadda kullum a wuri ɗaya take saki, yau kamar jiya, har yatsa ya san iyakar da zai kai ya iya fasawa. Mun daɗe muna juya wannan amsa, domin kuwa dajin da ake farauta a cikinsa a yau cike yake da mutane. Manomi na kwana a gona, makiyayi na bin dabbobinsa, mata na neman itace tun da asuba. Wanda ya ɗaura fitila a goshi ya hango motsi a cikin ciyawa, tazarar da ke tsakanin taɓa kunama da sakinta ita kaɗai ta rage masa ya tantance dabba da ɗan Adam. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi har ga bindigar gargajiya, amma babu takardar da za ta shiga tsakanin yatsa da ƙarfe a wannan lokaci.

Saboda haka, ra'ayinmu ya karkata ga dattawa. Masu iya magana sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, to amma sai an tabbata cewa mai wutsiya ne a gaba. Naman da ya tsere yau ana iya sake gamuwa da shi gobe, harsashi kuwa tamkar magana ne, zarar bunu, in ya fita ba ya komawa. Kunamar da ke ɗan yi wa mai ita gardama kafin ta saki, ita ce ta cancanci a shiga daji da ita.