Tambayoyi Biyar ga Gawa

A daren wata Alhamis ta hunturun shekarar 2022, cikin ɗakin baya na wani kantin littattafai a birnin Liyon na ƙasar Faransa, aka miƙa wa wani ɗalibi ɗan Zabori takarda da fensir, aka ce ya zaɓi wanda yake so ya zama. Su shida ne a teburin. Biyar kowa da jarumin da zai riƙa, ta shida kuwa, wata dattijuwa mai aikin jinya, ita ce mai jan ragamar wasa: ita ke faɗin yadda gari yake, da wanda aka tarar a bakin rijiya, da abin da ya amsa. Inda magana ta kasa raba gardama, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska ashirin. Ba a sa kuɗi, ba kuma wanda ke cin wani.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka cikin 1974. Teburin na wannan dare yana bin tsarin da ake kira Adventurers League, wanda aka kafa a 2014, inda ake rubuta duk abin da jarumi ya samu, ta yadda mai shi zai iya ɗaukar takardarsa ya zauna a wani teburi a wani gari, cikin mutanen da bai taɓa gani ba, a ci gaba da shi. Ɗan Zabori bai ga baƙon abu a nan ba. Yana yaro ya yi tashe cikin watan azumi, ya rataya tsohuwar jaka cike da saiwoyi ya fito a boka, yana bin gida gida, mata na dariya suna ba shi hatsi. Ya kuma san wasan kara na Damagaram, inda talaka kan wuni yana gwamna. Bambancin kawai, waɗannan sun zauna, kuma sun rubuta dokokinsu cikin littafi mai kauri.

Ya duba jerin, ya wuce mayaƙi da ɓarawo da maharbi, ya ɗora yatsa a kan bokan matattu.

Mai jan ragama ta ɗan yamutsa fuska, kuma tana da hujja. Teburin da baƙi ke haɗuwa ba ya son wannan boka. Wata ƙungiyar irin wannan, Pathfinder Society, ta hana riƙon mugun jarumi gaba ɗaya, littafin wasan da ke gabansu ma ya bayyana cewa tayar da gawa a mai da ita baiwa ba aikin kirki ba ne. Ga kuma damuwa ta zahiri: wanda ya shigo da rundunar ƙwarangwal, kowane ƙashi sai an jefa masa ƙwaya, sauran mutane su yi ta hamma har dare ya raba. Ɗalibin ya yi alkawari cewa bokansa ba zai tayar da ko ƙashin ɓera ba. Aka tambaye shi, to me zai yi da matattun? Ya ce tambayarsu zai yi.

Shi ne ya fi kusa da asalin abin, ko da bai tsaya ya yi musu bayani ba. Kalmar da Turawa ke kiran wannan boka da ita ta fito ne daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya gawa, ɗaya duba. A cikin tsohuwar waƙar Homa, jarumi Odisiyus ya je bakin lahira ne domin ya tambayi wani makahon mai duba da ya mutu hanyar komawa gida. Daga baya ne masu ƙaga labari suka mai da mai tambaya ya koma ubangijin bayi. A dokar wasan, gawar da aka tayar tana biyayya sa'a 24 kacal, in ba a sabunta mata sihirin ba ta kuɓuce. Duk wanda ya san yadda ake tsaron bawa zai gane wannan lissafi, kuma ba abin sha'awa ba ne.

Ƙasar da ɗalibin ya fito ta san wani abu dabam. Zabori na can kudancin jihar Doso, dab da iyakar Najeriya, tana ƙarƙashin Gaya har zuwa 2011 da aka mai da ita ƙarƙashin Junju. In mutum ya bi kwarin Dallol Mawri ya yi arewa, ya wuce Dogon Dutsi, zai isa Lugu, garin Sarauniya wadda ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899. A Lugu, da kuma Bagaji garin Baura, akwai abin da ake kira tarkama. Idan mai riƙe da sarautar ya rasu, ba majalisa ce ke zaɓen magaji ba. Ana ɗora gawar a kan makara, maza su ɗauka, masu gadon gidan su zazzauna, sai makarar ta riƙa jan masu ɗaukarta har ta kai ga wanda ta nufa. Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa littafinsa kan tarihin Arawa a 1970, yana cikin waɗanda suka kai labarin wannan ƙasa ga masu karatun Faransanci, amma tsofaffin Arewa ba su jira littafi ba. A tarkama gawa ce ke ba da umurni, masu rai su bi.

Mahaifin ɗalibin ba ya son a ambaci wannan a gidansa. Mutum ne na sahun farko a masallaci, aikin azna yake ce wa tarkama, kuma ɗan nasa bai taɓa yi masa musu ba, domin shi ma abin da ya yi imani da shi ke nan: wanda ya tafi ya tafi, addu'a ce kaɗai ke iske shi. Tsohon ya rasu cikin daminar 2021. Ya cika da hantsi, kafin la'asar an rufe shi, kamar yadda addini ya tanada. Ɗansa yana ɗakin gwaji a Liyon, wayarsa a kashe. Ko da ya kunna ta, ta'aziyya ya tarar.

Bayan sadakar arba'in sai maganar gona ta taso. Gonar gidansu tana gangarawa zuwa fadama, akwai giginya biyu a tsakiyarta, kuma tun kafin a haifi ɗalibin wani gidan maƙwabta ke noma abin da ke ƙasa da giginyun. Aro ne, ko jingina, ko kyauta? Kowace kalma da hukuncinta. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta tanadi hukumomin da ke rubuta irin wannan yarjejeniya, amma wannan ta riga dokar, kuma mutanen da suka ƙulla ta duka biyu suna ƙarƙashin ƙasa. Yayyensa suka ce aro ne, a maido. Maƙwabta suka ce kyauta ce. Aka fara zancen dafa Alƙur'ani, abin da kowa ya sani in an yi shi zumunci ba ya komawa yadda yake. Kowane mako sai waya ta zo: kai ne ka yi karatu, me ka ce? Karatun nasa na sinadarai ne.

Da wannan a ransa yake zuwa teburin Alhamis. Sai da jaruminsa ya kai mataki na 5, bayan watanni, sannan ya samu sihirin da yake jira, na magana da gawa. Dokokinsa a tsare suke kamar sharaɗin ciniki. Dole gawar ta kasance da baki. Tambaya biyar ce, cikin minti goma. Ba ta san komai ba sai abin da ta sani tana da rai. Ba a tilasta mata faɗin gaskiya ga wanda take ƙi. Idan an tambaye ta, sai bayan kwana goma a sake. Littafin ya kuma ce ba ran mamacin ne ke dawowa ba.

Labarin wannan dare ya kai su ga gawar wani mai fito da aka tsinta a bakin kogi. Abokan wasa suka yi ta ba shi shawara, ya bi: wa ya kashe ka, ina ya nufa, su nawa ne, me suka ɗauka. Mai jan ragama ta shaƙe murya tana amsawa daga takardunta. Saura ɗaya. Ya yi shiru har na kusa da shi ya taɓa shi, sannan ya tambayi mai fiton abin da ya bari bai faɗa wa ƴaƴansa ba.

Matar ta duba takardun, ta juya shafi, ta sake juyawa. Wanda ya rubuta labarin bai ba mai fiton ƴaƴa ba. Ta ɗago ta dube shi, da muryarta ta kullum ta ce ba ta da amsar wannan, ko yana so ta ƙaga masa? Ya ce a'a. Wani ya yi ƙorafin an ɓata tambaya, aka ci gaba.

A hanyar komawa masauki ya yi ta tunanin makarar Lugu. Masu shakka kan ce kafaɗun masu ɗauka ne ke zaɓe, mutanen Lugu kuwa ba su yarda da haka ba, kuma ba shi zai raba musu wannan ba. Abin da ya tsaya masa shi ne, kafin a ɗaga makarar, duk waɗanda ke zaune sun riga sun amince za su karɓi abin da ya fito, ko ya yi musu daɗi ko bai yi ba. Haka ma teburin: mutum biyar sun yarda da muryar mace ɗaya. A gidansu kowa yana kiran sunan mamacin, amma da amsar da ya riga ya shirya masa.

Akwai wadda ba a tambaya ba, domin ba a kiran mata zaman iyakar gona: yayar mahaifinsa, wadda ta haura tamanin, tana zaune a ɗakin jikarta. Ya fara kiran yayyensa ɗaya bayan ɗaya, ya roƙe su su yarda da duk abin da za ta faɗa. Babban ya yi mako biyu kafin ya ce to. Sannan ya rubuta tambayoyi biyar a bayan takardar jaruminsa, ya kira wayar jikar, aka kai wa tsohuwa a kunne.

Gaisuwa ta ci minti shida. Ya ce, "Gwaggo, maganar gonar giginya ce."

Ta ce, "Sai yanzu kuka tuna ina da kunne? Jingina ce, ɗan nan. Shekarar El-Buhari, da hatsi ya ɓace. Dami ashirin ubanka ya amso, ni na taya uwarku sussuka."

Yunwar 1984 ke nan. Ya tambaye ta abin da ya hana a fanshi gonar, alhali an yi shekarun wadata bayan haka.

"Ya kai musu sau biyu, suka ƙi amsa, suka ce ba a biyan hatsin yunwa. Shi kuma ya ce to ba a amsar gonar da ta ciyar da ɗiyansa. Ka gaya wa yayyenka, hatsin nan su suka ci shi."

Ya dubi sauran tambayoyi uku a takarda, ba ko ɗaya da ta shafi gona. Kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Kai kuma yaushe za ka zo ka ga inda aka sa shi?"