Zangon Dare A Kan Rairayin Binuwai

Matafiyin da ya baro Kano da asuba, ya bi ta Bauchi da Gwambe, ya ratsa duwatsun Kaltungo, ba zai yi ido biyu da Kogin Binuwai ba sai ya iso gadar Numan, kusa da inda Kogin Gongola ke zuba ruwansa. Daga nan sauran tafiya kimanin kilomita 60 ce zuwa Jimeta. Galibin masu mota kan iso da la'asar sakaliya, a gajiye liƙis, ba abin da suke nema sai ɗaki mai fanka. Amma akwai wani masauki wanda ba a biyan ko kwabo, baƙi kaɗan ne kuwa suka san da shi, watau rairayin da kogin ke bari sa'ad da ruwa ya janye.

A Amurka gwamnatocin jihohi kan keɓe filaye a bakin teku, su sa masu gadi, matafiyi ya biya 'yan kuɗi ya kafa tantinsa ya kwana. Jihar Adamawa ba ta da teku, kuma ba wanda ya keɓe irin wannan fili a Jimeta. Babu ƙofa, babu tikiti, babu famfo. Abin da ke akwai shi ne daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ruwan Binuwai kan koma 'yan siraran hanyoyi, ya bar farin yashi shimfiɗe, har mutum ya yi tafiya mai nisa a tsakiyar kogi ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Wanda ya jinkirta zuwa Maris ko Afrilu ya makara, domin zafin Yola a wannan lokaci kan wuce digiri 40, yashin kuwa ba ya hucewa sai dare ya raba.

Ko da yake ba mai karɓar kuɗi, wurin yana da masu shi. Masunta suna da bukkokinsu a can, manoman rani kuma suna bin laimar da ruwa ya bari suna shuka. Saboda haka mai hankali ba ya sauke kaya sai ya nemi mai unguwa ko babban masunta, ya yi sallama ya ce, "Baba, mu baƙi ne, muna roƙon wurin kwana." Amsar da ya fi yiwuwa ya ji ita ce "Jaɓɓama", watau maraba da Fillanci. Su ne za su nuna masa inda yashi ke da ƙarfi da inda yake zurmawa, su kuma gaya masa ko dorina na fitowa a wajen. A zamanin nan da hanyoyi ba su da cikakken aminci, kwana kusa da wutar masunta ya fi kwana a keɓe. Mota dai a bar ta a tudu. Direban da ya yi taurin kai ya shiga da ita yashi, to, sai ya nemi samarin unguwa da shebur.

Bayan magariba gari kan yi tsit. Daga inda aka shimfiɗa tabarma ana hango fitilun motoci suna bin gadar Jimeta, can ƙetare kuma Dutsen Bagale ya yi duhu a cikin hazo. Ba a jin kome sai ƙarar filafili a jikin kwalekwale, da kiran sallar isha'i da iska ke kawowa daga gari. Masunta kan sayar da ƙarfasa ko tarwaɗa a gasa nan take a kan garwashi. Gidan sauro wajibi ne, bargo ma haka, gama sanyin asuba a bakin ruwa ba wasa ba ne.

Wannan shirun sabon abu ne. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 a kan tudu, sunan garin ma daga kalmar Fillanci "yolde" ya fito, watau jigawa. Shekara 10 bayan haka, a watan Yuni na 1851, Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya ƙetare kogin nan ya shiga Yola, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Daga baya jiragen ruwan Kamfanin Neja suka riƙa hawowa da damina, suna kawo gishiri da yadi, suna komawa da gyaɗa da fatu, wasu har Garwa ta Kamaru. A 1901 ta wannan ruwa ne sojojin Ingila suka zo suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita. Jimeta ta bunƙasa ne saboda tashar jiragen. Yau manyan motoci sun karɓe sufurin, kogin kuma ya cika da yashi.

Sai dai yashin aro ne. A 1982 Kamaru ta gama madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai, kusa da Garwa. An shirya Nijeriya za ta gina tata a Dasin Hausa, a Ƙaramar Hukumar Fufore, domin ta tare ruwan da za a riƙa sakowa, amma shekara fiye da 40 ke nan aikin bai tabbata ba. A 2012, sa'an nan kuma a 2022, ambaliya ta cinye gonaki da gidaje tun daga Adamawa har zuwa Lakwaja da gaba. Baƙon da ya kwana ɗaya yana sha'awar wurin zai naɗe tabarmarsa ya wuce. Masuncin da ya ba shi wuta shi ne zai kwashe iyalinsa zuwa tudu in Agusta ta yi, yana sauraron rediyo ko an buɗe Lagdo.

Da asalatu kwalekwale kan fara komowa da kamun dare, mata masu sarin kifi suna jira da kwanduna. Sa'an nan matafiyi zai kashe wutarsa, ya tsince ledojin da ya zo da su, ya yi wa masu masaukinsa ihsani. In Mubi ya nufa, sai ya hau gada, ya wuce Jami'ar Modibbo Adama a Girei, ya kama hanyar Song da Gombi tun rana ba ta ɗaga ba.