Da na gaba ake gane zurfin ruwa

Mu 'yan wannan al'umma da ke koyarwa a manyan makarantun Taraba ba mu da yawa, kuma mafi yawanmu a ƙananan matakai muke. Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a nan Jalingo a 2008, aka kuma buɗe Jami'ar Tarayya ta Wukari a 2011, yaranmu sun fara samun aikin koyarwa kusa da gida. Samun aikin ya yi daɗi, sai dai ƙarin girma na da nasa sharuɗɗan.

A tsarin jami'o'in Najeriya, malami ba ya hawa don ya daɗe a aji. Ana duba digirin digirgir, da maƙalun da ya buga a mujallun bincike, da tarukan ilimi da ya halarta. In zai zama farfesa, har wasu jami'o'i ake aika rubuce-rubucensa su tantance. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatu da zuwa taruka, amma sai wanda ya san lokacin nema da yadda ake cike takardu.

Waɗannan abubuwa ba a koyar da su a aji. Daga bakin wanda ya riga ka ake jin su: wace mujalla ce ta gaskiya, wacce ce ta cin kuɗi, wane aikin kwamiti ne zai cinye shekara bai ƙara maka komai ba. Wanda babu mai ja masa gora yakan yi shekaru yana makin jarrabawa, sa'o'insa su wuce shi. Abin ya fi tsanani ga 'yan'uwanmu mata, masu haɗa karatu da hidimar gida.

Saboda haka muna roƙon manyanmu, kowa ya riƙi ƙaramin malami ɗaya: ya karanta masa maƙala kafin a tura, ya sanar da shi in an buɗe neman tallafi.

Ku kuma ƙannenmu, kada ku jira sai ɗan gida. Taraba jiha ce ta ƙabilu da yawa. Farfesa Bajukune ko Bamumuye ko Bafulatani da ya ga ƙwazonku zai iya kama hannunku. Ku ƙwanƙwasa ƙofarsa da rubutunku a hannu. Idan muka bari wannan zubin ya tsaya a ƙasa, ɗaliban da ke tafe za su rasa wanda zai duba musu digirin digirgir daga cikinmu.