Shafaffun Kuɗi a Hanyar Blitta

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Lome zuwa Sokode, ta wuce Kara har Dapaong, ya san Blitta ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. A nan ne hanyar jirgin ƙasa ta tsaya. Jamusawa suka shimfiɗa ta har Atakpame, Faransawa suka ƙaraso da ita Blitta a 1934, kilomita 276 daga bakin teku, ba ta kuma ƙara gaba ba. Jirgin fasinja ya daina zuwa tuntuni, amma garin bai bar halinsa na zango ba: motoci na tsayawa, matafiya na sauka su sayi doya da gawayi da abin taɓawa. Inda kuwa ake irin wannan ciniki na gaggawa, nan ƙananan kuɗi suke taruwa, kuma nan ake rigima a kansu.

Rigimar ita ce ta shafaffen kuɗi, wanda 'yan kasuwa ke cewa "lis". Mai koko za ta juya dala ashirin a tafin hannunta, ta ce: "Alhaji, canza mini wannan, ba ta ciwuwa." Alhajin kuwa yanzu aka ba shi ita canji a wancan teburin. Irin waɗannan da kowa ke gudu su muka shiga tarawa, a Blitta da kasuwar Sokode da tashar Dapaong, muna ba da sabuwa mu karɓi tsohuwa. Masu sayarwa sukan dube mu da mamaki, wasu har da tausayi.

Amma fa, ya kai mai karatu, ƙarfen da ya shafe bai rasa abin faɗa ba. A kan kuɗin sefa akwai wata alama da yara ke ɗauka takobi ce ko matsefi. Siffar kifi ce mai baki kamar zarto, irin ma'aunin tagulla da mutanen Akan suke auna garin zinariya da shi, wadda babban bankinmu, BCEAO, ya ɗauka tambari. Dala ashirin, wato faran 100, ta fara fitowa a 1967, dala goma a 1972. Tsofaffin dala biyu da dala biyar suna ɗauke da kan barewa. Daga 1980 dala biyar ta koma hoton ma'aikaci a ɗakin bincike, daga 1981 kuma dala biyu ta koma mutane suna ɗiban ruwa a famfo. Saboda haka ko shekara ta goge ƙarƙaf, in dai ƙahon barewa ya rage a kan dala biyar, ka san ta girmi yawancin masu ƙin karɓarta.

Wadda muka fi ji da ita dala biyar ce ta 1957, da muka samu cikin canjin wani mai shayi a Blitta. In an karkata ta ga hasken rana, ana iya karanta sunan Togo daban, kusa da na Afirka ta Yamma ta Faransa, domin a lokacin ƙasar tana ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya ne a hannun Faransa. Ta ga samun 'yancin kai a 1960. Ta ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da aka raba ƙarfinta biyu a dare ɗaya. Ta ga janye tsofaffin takardun kuɗi a 2004. Duk wannan bai hana ta sayen ƙosai ba.

Ba kuma mai iya cewa ga inda ta bi. Takardar sefa tana da harafin ƙasa, T na Togo, H na Nijar, C na Burkina, amma kuɗin ƙarfe ba shi da shi. Wadda ke hannunka a Dapaong mai yiwuwa jiya ta tsallako daga Cinkasse, bara kuma tana Maraɗi. Sunayen da muke ƙirga ta da su ma matafiya ne. Dala ta samo sunanta daga azurfar Mariya Teresa ta ƙasar Ostiriya, jaka kuwa asalinta buhun wuri 20,000 ne, irin wanda kakanninmu fatake suka yi lissafi da shi lokacin da suke ratsa ƙasar Kotokoli zuwa Gwanja neman goro.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda shafaffen kuɗi yake ƙarewa. Babban ɗan kasuwa ya ƙi shi, direba ya ƙi shi, sai ya gangaro hannun wanda ba shi da bakin ƙi: yarinya mai talla, makaho a bakin tasha, almajiri, da asusun masallaci ranar Juma'a. Duk wanda ya tashi a gidan liman ya san yadda ake zazzage asusun nan a kan tabarma, a ware masu tafiya gefe guda, marasa tafiya gefe guda. Sadakar da mai karɓarta ba zai iya sayen komai da ita ba, malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kanta.

Alhali kuwa bankin ya sha bayyana cewa kuɗin da ya shafe saboda yawan amfani halattacce ne, kuma yana musanya shi a ofisoshinsa. Matsalar ita ce nisa. Ofishin yana Lome, reshensa yana Kara, kuma ba mai biyan kuɗin mota daga Blitta don ya canza dala ashirin guda uku. Sai an tara na unguwa ko na masallaci a gwangwani ɗaya, a damƙa wa amintaccen mai tafiya, sannan abin yake biyan wahalarsa. Haka muke yi da mafi yawan waɗanda muka samu. Guda ɗaya muke riƙewa daga kowace shekara, mu naɗe ta a takarda, mu rubuta garin da aka same ta. Ba ma goge ta da toka ko lemun tsami kamar yadda ake wa kwanon sha, domin ɗan rubutun da ya rage mata shi ne zai fara tafiya.